LISSAFIN DARE A GABAN ALLAH

 Maganarmu ta yau a kan lissafi ta ke.

Kun san al'adar ɗan kasuwa. Sa'ad da rana ta faɗi ya rufe rumfa, ba ya kwanciya sai ya zazzage jaka ya ƙirga. Ya ware uwar kuɗi, ya ware riba, ya tuna wanda ya ci bashinsa da wanda ya ke binsa. Mai canji a bakin iyakar Seme haka ya ke yi da sefa da naira. Wanda kuwa ya bar lissafi ya yi ta kwana, wata rana sai ya tarar jari ya karye, bai san ta inda ya zurare ba.

To, ɗan'uwana, yinin nan da ka gani jari ne Allah ya danƙa maka da asuba. Ka ƙirga kuɗinka, amma ka lissafta yininka?

Akwai wani soja mutumin ƙasar Sifen, sunansa Ignatiyus na Loyola. Cikin shekara ta 1521, a yaƙin garin Pamplona, harsashin igwa ya karya masa ƙafa. Yana kwance yana jiyya sai ya lura da abu guda. In ya yi tunanin girman duniya, daɗin ba ya daɗewa, sai zuciya ta bushe. In ya yi tunanin bin Almasihu, farin cikin ya kan zauna. Daga nan ya koyi duban zuciyarsa. Ya rubuta hanyar a littafinsa wanda Ikkilisiya ta amince da shi a 1548. Matakai biyar ne, kamar yatsun hannu, ko wanda bai iya karatu ba ya iya riƙe su.

Na fari, godiya. Kada ka fara da zunubi, fara da alherin Allah. Ambaci abin da ka samu yau ɗaya ɗaya: tuwon da ka ci, yaron da zazzaɓi ya saki, motar da ta kai ka Porto-Novo ta komo da kai lafiya. Cikin Luka sura 17 kutare goma Yesu ya warkar, guda kaɗai ya komo ya gode.

Na biyu, roƙi haske. Gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka naka.

Na uku, bi sawun yinin tun daga tashinka har zuwa yanzu. Me ka yi tunani, me ka faɗa, me ka aikata? Mudun da ka auna wa baƙo, shi ne ka ke auna wa ɗan gari? Da wace irin murya ka amsa wa matarka? Ke kuma 'yar'uwa, zancen wa ki ka kai bakin famfo? Wa ya zo da bukata ka ce babu, alhali akwai?

Na huɗu, nemi gafara. Kira laifin da sunansa, kada ka yi masa ado. Kada kuma ka fid da zuciya. Cikin Luka sura 18 Bafarisiye ya tsaya yana lissafin laifin wani, mai karɓar haraji kuwa ya bugi ƙirji ya roƙi jinƙai, shi ne ya koma gida baratacce. Bashin da ya fi ƙarfinka Almasihu ya riga ya biya a kan gicciye.

Na biyar, ƙudura abu guda domin gobe. Kada ka ce za ka gyara dukan halinka dare ɗaya. Ka ce, gobe zan mayar da canjin nan, ko kuwa zan gai da maƙwabcin da mu ke gaba. In mutumin yana cikin gidanka, kada ka jira gobe, gama Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa kada fushi ya kwana. Sa'an nan ka rufe da Addu'ar Ubangiji.

Dukan wannan bai fi minti 15 ba. Maƙwabtanmu Musulmi na Zango, in an kira sallar lisha, su kan bar ciniki su tafi. Mu da mu ke kiran Allah Uba, sai mu faɗa tabarma ba ko sallama? Maigida, bayan tuwon dare tara iyalinka, ku yi shiru tare, yara su koya a wurinka. Barci ƙanen mutuwa ne, ba wanda aka yi wa alkawarin wayewar gari. Wanda ya shirya da Allah da mutane, shi ne ya ke kwana ba tsoro.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin yinin nan. Ka haskaka zukatanmu, ka wanke mu sabili da Ɗanka, ka tsare gidajenmu cikin daren nan, ka tashe mu mu yi nufinka. Cikin sunan Yesu. Amin.

Allah ya ba mu alheri. Sai mako mai zuwa.