TSARABA GA NA NESA: ME YA KAMATA MU AIKA?



Ya 'yan'uwa mutanen Gafasa, da wuya a sami gida a ƙasar Gaya da Ajingi wanda ba shi da wani a nesa: ɗan ci-rani a Legas ko Fatakwal, almajiri a wata tsangaya, ko ɗalibi a Madina. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) yana karɓar kyauta, yana kuma sakawa a kanta. To, me za mu aika musu?

Turawa sukan aika wa aboki damin fure, wasu matasanmu na birni kuma sun fara kwaikwayo. Fure kuwa kwana kaɗan yake yi ya bushe. Mu abin da muka gada shi ne tsarabar da ke amfani, kuma muna ganin sharuɗɗanta uku ne.

Na farko, ta dace da buƙatarsa. Wanda ke Kudu ya fi kewar kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji da ƙuli-ƙuli, waɗanda ba su da nauyi kuma ba sa saurin lalacewa. Almajiri kuwa bargo lokacin hunturu, da sabulu da takalmi, sun fi masa komai.

Na biyu, kada ta jefa ɗan aike cikin wahala. Hukumar Alhazai ta Ƙasa takan gargaɗi maniyyata kada su ɗauki goro zuwa Saudiyya, kuma Ingila da Amurka ba sa barin matafiyi daga Nijeriya ya shiga da nama, ko da kilishi ne. Wajibi ne mu kwance ƙunshi a gaban wanda zai ɗauka ya ga abin da ke ciki, domin akwai waɗanda aka ɗaure a ƙasar waje saboda kayan da ba su san cikinsu ba.

Na uku, kada a ci bashi dominta, kada kuma riya ta shiga. Mudun gero da aka bayar da zuciya ɗaya ya fi turmin shadda da aka aika don a faɗa.

Wanda bai sami komai ba, ya kira a waya ya tambayi lafiya, ya kuma leƙa iyalin da abokinsa ya bari a gida. Haƙiƙa babu tsarabar da ta kai mutum ya ji cewa 'ya'yansa sun ci sun ƙoshi.

Allah Ya ba mu ikon sada zumunci.