Gasaya: Ganyen Da Ba Wanda Ya Shuka

Jama'a masu sauraro, na nan Injamena da na Kusiri a tsallaken gadar Ngeli, har zuwa Maiduguri da Diffa.

Yau zancen gasaya za mu yi. Kun dai san ta: ganye mai yatsu biyar kamar tafin hannu, da farin fure mai dogayen zaruruwa kamar ƙafafun gizo-gizo. Masana tsirrai sun ce dangin lansir da kabeji ce ta kusa. Ba wanda ke shuka ta a nan. Ruwa na sauka sai ka gan ta a bayan gida, a gefen gona, ko inda aka taɓa ɗaure shanu, don tana son taki.

To, me ya sa muka tsaya a kanta? Saboda lokacin da take zuwa. Daga Yuli zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, farashin hatsi a kasuwar Dembe ya hau. A daidai nan gasaya ke ba da ganye, wata guda da 'yan kwanaki bayan ta tsiro. Tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin A mai taimakon ido. Kuma ai da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Amma yau muna yi mata feshi tare da ciyawa, alhali a Kenya noma ta ake yi ana kaiwa kasuwannin Nairobi. Malam manomi, bar mata ko kunya ɗaya. Ka riƙa tsinke kan furen, za ta daɗe tana ba da ganye. Ka ƙyale 'yan kaɗan su yi kwanso, ka adana iri.

Uwargida, ɗacin ne ya dame ki? Tafasa ta, ki tsiyaye ruwan, ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Ragowar ki shanya a inuwa don rani.

Sai gargaɗi ɗaya. Mutanen Waliya ba su manta da ambaliyar Shari da Logon ta 2022 ba. Duk inda ruwa ya ratsa masai ko juji, kada ku tsinki ganye a wurin, komai kyansa. Gonar da aka yi wa feshi ma haka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu mako mai zuwa.