Daga bibiron zuwa kofi: magana ga masu aika saƙo gida

 

Maganata ta yau a kan kwalbar nan ce ta shayar da yara, wadda muke ce wa bibiron, 'yan uwanmu na Kano su ce fida. Na san wasu samari za su ce wannan ai zancen mata ne. To ku dakata tukuna. Yawancin kwalaben da ke yawo a ƙauyukan Tarka ba uwayen ne suka saya ba. Mu ne. Mu da ke Damagaram, da Yamai, da Agadas, da waɗanda suka tafi neman kuɗi Libiya ko Aljeriya, in an yi haihuwa a gida sai mu haɗa tsaraba: atamfa, sabulu, gwangwanin madara da bibiron mai hoton ɗan zomo. Niyya ce mai kyau. Amma sai mu tambayi kanmu inda kwalbar za ta sauka.

Za ta sauka ne a Damargu, inda kowa ya san wahalar ruwa. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, wani wuri sai da jaki ko raƙumi ake jan guga, da rani kuma mace na iya ɓata rabin yini kafin ta cika jarka. Ita kuwa kwalbar nan tana da sharaɗi. Duk lokacin da yaro ya sha, sai an wanke ta da sabulu, an goge cikinta har ƙasa, an tafasa ta tare da robar bakin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce madarar gari a dama ta da ruwan da aka tafasa, tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, abin da ya rage kuma in ya kai awa 2 a zubar. Ku lissafa itacen da wannan zai ci a yini guda. Ku kuma tuna zafin watan Afrilu a Balbeji, madara na kwance cikin kwalba, ƙudaje na sauka a kan robar, yaro ya jefar da ita a ƙasa, yayarsa ta ɗauka ta goge da zane ta mayar masa a baki. Daga nan zawo ke farawa. Zawo ya ci jikin yaro, ya ƙi abinci, tamowa ta shigo, tamowar kuma ta sa wani zawon ya fi kama shi da sauƙi.

Ga kuma tsada. Jaririn da ba ya shan nono yana buƙatar kusan kilo 20 na madarar gari a watanni 6 na farko. Mai aikowa ya aiko gwangwani biyu ya yi shiru. Uwa ta ga yana ƙarewa, sai ta rage cokali ta ƙara ruwa don ya kai ƙarshen wata. Cikin yaro ya cika, amma ruwa ne.

Wannan ba sabon labari ba ne. Tun 1939 wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, ta tsaya a Singafo ta zargi masu tallar madarar gwangwani da jawo mutuwar jarirai. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka saboda irin wannan talla a ƙasashen talakawa. A 1981 taron ƙoli na Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a, kuma ƙa'idar ta haɗa har da kwalba da robarta. Kamfanoni aka ɗaure wa hannu. Mu masu tsaraba babu wanda ya yi mana doka, sai mu yi wa kanmu.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Akwai maraya, akwai yaron da uwarsa ke kwance ba lafiya, waɗannan dole a ba su madara, kuma ma'aikatan likita ne za su faɗi wace iri da yawanta. Abin da nake so mu riƙe shi ne, ko su ma ba dole sai da kwalba ba. A asibitoci ana shayar da bakwaini ma da ɗan ƙaramin kofi. Kofi ba shi da lungu. Ka wanke shi da sabulu, idonka na ganin cikinsa, ka kife ya bushe. Kuma ba a iya jingina wa yaro kofi a tafi aiki, sai an ɗauke shi an zauna da shi.

To wanda ya riga ya saba fa? Nan ne wuyar take, don yaro ɗan shekara guda da rabi ba yunwa kaɗai ke sa shi neman kwalba ba, ta zama abin rarrashi. Likitocin yara suna cewa a fara nuna wa yaro kofi tun yana wata 6, lokacin da ya fara kunu, a raba shi da kwalba tsakanin wata 12 da 18. In an wuce haka ba a makara ba, amma kada a yi masa irin yayenmu na dā, a wayi gari a kai shi gidan kaka, a bar shi ya kwana uku yana kuka. Yaron da aka yi wa haka yakan ƙi cin komai, kuma a nan ne da yawa suke ramewa. A bi shi a hankali. A fara cire ta rana, lokacin da yake cikin wasa, a ba shi kununsa a kofi. Bayan kwanaki a cire ta safe. Ta dare ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma ta fi ɓarna, don yaro ya yi barci da madara mai sukari a baki, haƙoran gaba su ruɓe tun bai kai shiga lakwal ba. A maimakonta a ba shi abinci ya ƙoshi kafin barci, a goya shi, a yi masa wasa.

Zai zubar, wannan babu makawa. A zuba kaɗan kaɗan, a zaunar da shi, a karkata kofin har abin ya taɓa leɓensa ya kurɓa da kansa. Kada a danne shi a toshe masa hanci a ɗura masa. Ɗuren nan da muka gada yana iya tura kunu cikin huhu. Kofin kuma ya zama nasa shi kaɗai, ba moɗar randa da kowa ke sha da ita ba.

Me za a zuba a ciki? Abin da Damargu ke da shi. Gero namu ne, a yi kunu mai kauri, ba tsululu ba, a sa garin ƙuli ko na wake da ɗan mai. Madarar akuya ko ta saniya, a tafasa ta tukuna. Madarar nan mai zaƙi ta gwangwani da masu shayi ke zubawa ba abincin yaro ba ce. In uwa na da nono ta ci gaba da bayarwa har shekara biyu. Addini da likita sun haɗu a kan wannan.

Ku da za ku je gida, ku nemi zaren awon damtse a likitar garinku. A Mirya, nan jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa uwaye auna 'ya'yansu da kansu, aka ga sun iya. In zaren ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafun yaro sun kumbura, a kai shi likita a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

In kuma za ku haɗa tsarabar suna ta gaba, ku sa ƙananan kofuna biyu na silba, da sabulu mai yawa, sauran kuɗin ku ba mai jego ta ci nama.