Rezon kwamfuta: hanyar da alheri ke bi, ita ɓarna ke bi



Duk wanda ya taɓa bin layi a banki ko a ofishin duwan ya san maganar nan mai sanyaya jiki: "Babu rezo." Ma'aikaci na zaune, na'urarsa a kunne, amma albashi ba ya fita, motar kaya kuma tana tsaye a bakin iyaka, kuɗin kwana na hawa. Jama'a sun ɗauki abin kamar ruwan sama, in ya zo a gode, in bai zo ba a yi haƙuri. Alhali kuwa rezo gini ne: mutane suka zana shi, suka zaɓi inda waya za ta bi, suka yanke kuɗin da za a kashe. Wannan jawabi zai duba ire-irensa, da yadda ake shimfiɗa shi, da yadda ake tsaron sa.

Abin da ake kira rezo shi ne kwamfuta biyu ko fiye da aka haɗa, ta waya ko ta iska, domin su aika wa juna bayani. Kakan intanet, wato ARPANET, ya fara a Amurka a 1969 da cibiyoyi 4 kacal. Ran 29 ga Oktoba na wannan shekara aka gwada aika saƙon farko daga Los Angeles; haruffa 2 suka isa, na'ura ta tsaya. Ashe "babu rezo" tagwaye ne da rezo, rana ɗaya aka haife su.

Ire-iren rezo

Ana rarrabe su ne bisa faɗin wurin da suka mamaye. Mafi ƙanƙanta shi ne na jikin mutum, kamar salula da abin saurare na kunne da Bluetooth ke haɗawa, wanda bai cika wuce mita 10 ba. Sai na gida ko kanti ko ofis guda, wanda masana ke kira LAN. Yawancinsa na tafiya bisa dabarar Ethernet da aka ƙirƙiro a 1973, kuma wayarsa ta tagulla ba ta wuce mita 100 ba tare da an sa wata na'ura a tsakani ba. Wi-Fi kuwa shi ne irin wannan haɗi ba tare da waya ba. Na uku shi ne na gari, mai haɗa rassan banki ko ma'aikatun birni ɗaya, galibi da waya mai zaren gilashi wadda haske ke gudu a cikinta. Na huɗu shi ne mai dogon zango, WAN, wanda ke ratsa jihohi da ƙasashe. Irinsa ne ke sa takardar kaya da aka rubuta cikin tsarin SYDONIA a Gaya ko a Ƙonni ta bayyana gaban manyan duwan a Yamai. Intanet kuwa haɗakar waɗannan duka ce, rezo bisa rezo, har duniya ta zagayo.

Yadda ake shimfiɗawa

A nan ne ƙarfi da raunin rezo suke, domin shimfiɗa ita ke nuna inda zai karye.

Shimfiɗa ta farko ita ce ta igiya guda: waya ɗaya miƙaƙƙiya, kowace na'ura ta rataya a jikinta, kamar yadda Doso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram suka rataya a kwaltar da ta tashi daga Yamai zuwa Difa. Tana da araha. Amma in ruwa ya cinye gada ɗaya, an raba gabas da yamma. A kwamfuta ma abin ya fi muni, domin ko waɗanda ke gefe guda sukan daina jin juna. Shi ya sa aka bar ta a ofisoshi.

Ta biyu ita ce zobe: kowace na'ura ta miƙa wa maƙwabciyarta, har saƙo ya zagayo. Kamfanonin waya na son zobe mai hanya biyu, domin in an yanke ta dama, saƙo ya juya ta hagu.

Ta uku ita ce tauraro, wadda ta fi yawa a yau: akwatin rarrabawa guda a tsakiya, kowace na'ura da wayarta zuwa gare shi. In wayar akawu ta lalace, shi kaɗai ya tsaya. In kuwa akwatin tsakiya ya ƙone, ofis duka ya tashi aiki.

Ta huɗu ita ce koma, irin ta masunta: hanyoyi da yawa tsakanin kowane wuri da ɗan'uwansa, in zare ɗaya ya tsinke sauran su riƙe. Ita ce mafi ƙarfi, ita ce kuma mafi tsada. Na'ura 10 a tauraro waya 10 suke buƙata. In za a haɗa kowace da kowace, sai waya 45.

Wannan lissafi ya shafi ƙasa kamar yadda ya shafi kanti. Nijar ba ta da bakin teku, mafi yawan saƙonninta kuwa ta ƙasashen maƙwabta suke bi su kai ga manyan wayoyin da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Ran 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a lokaci guda daura da gaɓar Kodibuwa. Ƙasashe fiye da 10 suka ji a jikinsu, har da Nijar, bankuna suka yi ta ba mutane haƙuri. Waya 4 da suka bi kwari ɗaya, a ranar masifa waya ɗaya ce. Amfanin aikin wayar gilashi mai ratsa Sahara ke nan, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi: buɗe ƙofa ta Arlit da Asamaka zuwa Aljeriya, da wata ta Difa da Ngigmi zuwa Cadi, domin kada ƙasa ta dogara ga kudu kaɗai. Ƙarancin ƙofofi yana da wata fuska kuma, ta siyasa. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet na salula a Nijar har kwana 10. Mai sayar da albasa da bai san ko wace jam'iyya ba, shi ma cinikinsa ya tsaya. Wanda ke riƙe da ƙofa, shi ke riƙe da kasuwa.

Tsaro

Abu 3 ake tsarewa: kada wanda bai kamata ba ya ga bayani, kada a sauya shi a ɓoye, kada kuma a rasa shi ranar da ake buƙata. Labari ɗaya ya isa ya nuna yadda ukun ke rushewa tare.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke kaya a Kwatano ko Lome ya san kwantenonin Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Danmak. Ran 27 ga Yuni 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta shiga rezonsa ta cikin wata manhajar lissafin haraji da ake aiki da ita a Yukiren. Da yake ofisoshinsa na duniya a haɗe suke, ɓarnar ta bi waya kamar wutar daji. Tashoshin ruwa suka tsaya, motoci suka yi layi a bakin ƙofa. Sai da aka sake ɗora komai a kwamfuta wajen 45,000, asarar kuma ta kusa dalar Amurka miliyan 300. Manyan na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izininsu suna kwafar juna, aka ɗauka wannan ya isa ajiya. Da ɓarna ta zo, tare ta shafe su. Guda ɗaya ta tsira, a wani ofis a Afirka ta Yamma, domin an ɗauke wutar lantarki kafin harin, ta fita daga rezo. Da ita aka sake tayar da kamfanin. Abin da ake zagi kullum, ɗaukewar wuta, shi ya yi aikin da shugabanni suka manta su yi da gangan.

Darussan ba su da wuya, kuma mafi yawansu ba kuɗi suke ci ba. A raba rezo gida-gida, kamar yadda zaure ya rabu da cikin gida: Wi-Fin da ake ba baƙi kada ya taɓa na'urar da ke riƙe da lissafi. A sa katangar tsaro a bakin ƙofar intanet, mai tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. A riƙa karɓar gyaran da masu manhaja ke aikowa: cutar WannaCry, wadda ta kama ƙasashe wajen 150 a Mayu 2017, ta gurgunta asibitoci a Ingila, ta shiga ne ta tsagar da Microsoft ya fitar da maganinta tun Maris. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sauya kalmar sirrin da akwati ya zo da ita daga kanti, kowane ma'aikaci da tasa, a ƙara da lambar da ke zuwa ta salula; wanda ya bar aiki, a rufe ƙofarsa ranar. Kada a cusa kilen da ba a san asalinsa ba a na'urar ofis. A ajiye kwafin lissafi a wurin da ba ya haɗe da komai, a kuma gwada shi lokaci-lokaci a ga ko yana buɗuwa.

Saura mutum. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɓarawon zamani ya fi son waya da fasa ƙofa: ya bugo ya ce shi ma'aikacin banki ne, a karanto masa lambar sirri domin a gyara asusu. Babu bankin da ke neman wannan lamba ta waya. Katangar miliyoyi ba ta tsare gidan da mai gadi ya miƙa mabuɗi da hannunsa.

Saboda haka darakta da ke sa hannu a kwangilar rezo da kuɗin talakawa, da alhajin da ke haɗa kantunansa, ba sai sun zama injiniyoyi ba. Tambaya 3 ta ishe su yi wa mai aiki kafin a biya shi: in wannan waya ta tsinke, ta ina saƙo zai bi? In ɓarna ta shiga na'ura ɗaya, me zai hana ta kai ga sauran? In komai ya shafe yau, ina kwafin da za a tashi da shi gobe? Wanda ya kasa amsa su, aikinsa bai ƙare ba, kuma wakilan jama'a da ƴan jarida suna da haƙƙin yi wa ma'aikatun gwamnati irin waɗannan tambayoyi.

Allah ya tsare dukiyar kowa, ya ba shugabanni ikon riƙon amana.