YADDA AKE RUFE WA MUTUM ƊAYA ƘOFA A KWAMFUTOCIN OFIS

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

An umurce ni in ɗan yi bayani a kan aikin da nake yi a ma'aikata. To, ku tuna da rajistar makaranta da kuma maigadin bakin ƙofa. Manyan ofisoshi ma suna da rajista a cikin kwamfuta, wadda ke ɗauke da sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa da rukuninsa. Wadda aka fi sani ita ce Active Directory, da kamfanin Microsoft ya fitar tare da Windows 2000. Maigadin kuwa shi ne tsarin da ake kira RADIUS. Duk wanda ya nemi shiga, sai maigadi ya tambayi rajista kafin ya buɗe masa.

Inda kowa ke amfani da kalmar sirri ɗaya, ba a iya korar mutum guda sai an sake wa kowa kalma. Amma inda akwai rajista, hanya biyu ce. Ta farko, a dakatar da sunansa gaba ɗaya, kamar wanda ya yi ritaya. Ta biyu, a sa shi a rukunin waɗanda aka hana wata ƙofa kaɗai, misali ta shiga daga gida. A nan sai an yi hattara, domin maigadi daga sama yake karanta dokokinsa, ta farkon da ta dace da mutum ita yake bi. Saboda haka dole dokar hani ta zauna a saman ta izini. Kada kuma a goge sunan da gaggawa, don kada a rasa hanyar kaiwa ga fayilolinsa. Sannan a tuna, wanda ya riga ya shiga yana iya ci gaba da zama a ciki, sai an yanke shi.

Wani zai ce wannan ƙaramin al'amari ne. A shekarar 2021, ɓarayi suka shiga kwamfutocin kamfanin Colonial Pipeline na Amurka ta wani tsohon suna da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba. Bututun mai ya tsaya kwanaki, gidajen mai suka ƙafe, kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

Ni kaina na taɓa tarar da sunan wani da aka yi wa canjin wurin aiki tun bara yana nan a buɗe, don takardarsa ba ta iso teburinmu ba. Roƙona ga waɗanda ke riƙe da sha'anin mulki a cikinku shi ne, ranar da kuka sa hannu a takardar sallama, ku aiko wa masu kula da kwamfuta kwafi a ranar. Rigakafi ya fi magani.

Malamanmu, ku kuka koya mana kiran suna safe da yamma.