Takardar Hakimi da Izinin Gini a Ƙasar Wurno

Mutumin Dinawa, a Ƙaramar Hukumar Wurno, idan ya tashi gina gida, abin da ya saba yi shi ne ya nemi mai fili su yi ciniki a gaban shaidu, a kai wa hakimi takarda ya sa hannu, sa'an nan a kira magina su haƙa harsashi. A ƙasar Sakkwato, in an ce hakimi ana nufin mai riƙe da ƙauye ne, na sama da shi kuwa shi ne uban ƙasa. Wannan takarda tana da daraja, domin ita ce shaidar cewa an yi ciniki kuma an biya. Amma ba ita ce ke ba mutum iko da fili a idon doka ba, balle izinin yin gini a kansa.

Asalin wannan al'amari ya daɗe. Tun a 1910 Turawan mulki suka sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, Dokar Ƙasa ta 1962 kuma ta bi sawu. A wancan zamani En'e ce ke kula da filayen talakawa ta hannun sarakuna, shi ya sa har yau jama'a ke ganin sa hannun hakimi ya wadatar. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e. Sa'an nan a watan Maris na 1978 Gwamnatin Soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, mai lamba 6, wadda aka shigar cikin Tsarin Mulki na 1979 da na 1999, kuma tana aiki har yanzu.

Dokar ta kasa ƙasa gida biyu. Wurin da Gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da izinin riƙe fili a cikinsa. Sauran ƙasa kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙo na gargajiya, don noma ko don zama, kuma sashe na 21 ya hana a sayar da irin wannan fili ko a jinginar da shi sai da yardarta. Ke nan tambayar farko ga mai gini ita ce, filinsa a wane kashi ya faɗa? Wanda ya kai takardunsa ofishin da ba nasa ba, ya yi asarar watanni.

Izinin gini kuma wani abu ne dabam, wanda Dokar Tsara Birane ta 1992 ta tanada. Ana kai zanen gidan ne a duba: ko ya ci hanya, ko masai ya kusanci rijiya, ko an tare wa ruwa mafita. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin wata dabarar karɓar kuɗi kawai, kuma ma'aikacin da ke danne fayil a ƙarƙashin tebur sai an gaishe shi, shi ya koya musu wannan zato. Duk da haka, a kwarin Rima batun ruwa ba wasa ba ne. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta ci ƙauyuka a ƙasar Goronyo da Wurno, ta kuma karya gadar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ginin ƙasa in ruwa ya kwana a gindinsa, sai ya zube. Tsofaffin gari sun san inda ruwa ke bi in damina ta yi ƙarfi. Baƙon da ya sayi fili da rani bai sani ba, mai sayarwa kuwa ba lalle ya faɗa masa ba.

Akwai kuma ranar da hukuma za ta buƙaci filin don hanya ko makaranta. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke riƙon, sashe na 29 kuma ya ce diyya ta abin da aka yi a kan filin ce, wato gini da shuka, ba ta ƙasar kanta ba. A ranar, mai takardar ƙaramar hukuma da zanen da aka buga wa hatimi zai miƙa su a ƙiyasta. Mai takardar hakimi kaɗai kuwa sai ya nemo shaidunsa, in suna raye.