Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Jawabin kwamitin jin daɗin malamai a taron reshe, a kan wa'adin fasfo

Shugaban taro, iyayenmu malaman da suka ajiye alli, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata na Gwarzo da Kabo, da iyalanmu da suka rako mu, muna yi muku barka da zuwa.

Mun saba idan muka taru maganarmu ba ta wuce albashi, ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho. Yau mun nemi izinin shugabanni mu ɗan ratse, mu yi magana a kan ɗan koren littafin nan da da yawa daga cikinmu muka jefa a ƙasan akwati muka manta da shi, wato fasfo.

Dalilinmu shi ne abin da ya sami wani dattijo daga cikinmu, wanda ba za mu kama sunansa ba. Shekara 35 ya yi yana koyarwa. Da haƙƙinsa na ajiye aiki ya fito, sai ya biya kuɗin Umara ta watan azumi, ya dinka harami, ya zaga dangi ya nemi gafara. Saura kwana goma a tashi aka dawo masa da fasfonsa, aka ce ba za a ba shi biza ba. Ya buɗe ya nuna cewa wa'adinsa bai ƙare ba, saura wata biyar da 'yan kwanaki. Aka ce masa ai nan matsalar take. Kafin sabo ya fito an sha ruwa talatin, an yi Sallah, kuma wani ɓangare na kuɗin tikitinsa bai dawo ba.

Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, wasu su shekara bakwai a hanya. Mu kuwa sa'o'i kaɗan ne daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda ko Madina. Sai dai sauƙin ya zo da sharaɗinsa. Tun 2009 Saudiyya ta daina karɓar fasfon alhazai na musamman da iyayenmu suka sani, ta koma kan fasfon ƙasa da ƙasa. Ƙa'idarta kuma ita ce, ranar da mutum zai shiga ƙasar, ya kasance akwai aƙalla wata shida da suka rage a wa'adin fasfonsa. Haka abin yake a Masar da Indiya, inda muke kai marasa lafiyarmu, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Malesiya.

Hikimar abin ba ɓoyayyiya ba ce. Baƙo na iya kwanciya rashin lafiya, jirgi na iya jinkiri, wata larura na iya tsare shi. Ƙasar da ta karɓe shi ba ta so takardarsa ta mutu a hannunsa tun yana cikinta, a rasa yadda za a mayar da shi gida. Kamfanonin jirage ma suna dubawa tun a wurin awon kaya, domin idan suka ɗauki wanda takardarsa ba ta cika ba, su za a ci tara, kuma su za su dawo da shi. Saboda haka roƙo da magiya ba sa aiki a wurin.

Tunda malamai ne mu, bari mu yi lissafin kamar a allo. A ce fasfon Malama zai ƙare ranar 20 ga Nuwamba, jirginta kuma zai sauka ranar 25 ga Mayu. Daga 25 ga Mayu, wata shida zai cika ne ranar 25 ga Nuwamba. Ke nan kwana biyar kacal ta rasa, amma waɗannan kwanaki biyar sun isa su hana ta tafiya. Darasin shi ne, ga matafiyi, ranar mutuwar fasfo ba ita ce wadda aka buga a jikinsa ba. A ja baya da wata shida, nan ne iyakarsa.

Ba kowace ƙasa ce ke bin wata shida ba. Ƙasashen Turai masu bizar bai-ɗaya ta Shengen, irin su Faransa da Jamus da Italiya, suna neman wata uku bayan ranar da mutum zai bar ƙasar, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, kuma kada fasfon ya wuce shekara goma da bayarwa. A ƙasashen ECOWAS kamar Gana da Benin da Togo, yarjejeniyar 1979 ta ba mu damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90, amma dole takardar tafiyar ta kasance da ranta. Matambayi ba ya ɓata: kafin a biya kuɗin tikiti, a tambayi ƙa'idar ƙasar da za a je, har da wadda za a yada zango a cikinta.

Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ce ke bayar da fasfo. Tun 2019 akwai iri biyu da aka fi sani: mai shafi 32 na shekara biyar, da mai shafi 64 na shekara goma. Daga 1 ga Satumba, 2025, kuɗin na farko ya koma Naira 100,000, na biyun kuma Naira 200,000. Mun san nauyin wannan a kan albashin malamin firamare, musamman mai iyali, tunda kowane yaro da nasa fasfon, kuma na yara ba ya wuce shekara biyar. Shi ya sa muke cewa a sa shi cikin lissafin tafiya tun farko. Wanda ya shiga adashin gata na aikin Hajji, wanda Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar a Kano a 2020, ya tuna cewa tarin na iya ɗaukar shekaru, wa'adin fasfo kuwa ba ya jiran cikar kuɗi. Ya kuma tuna cewa Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jiha tana karɓar fasfo watanni kafin tashi, don haka sabuntawa sai ta riga wannan lokacin.

Akwai wani tarnaƙi da ya fi kama mu malamai. Ba a yin fasfo yanzu sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma dole suna da ranar haihuwa su zo daidai. Nawa ne a cikinmu sunansu na takardar makaranta daban, na fayil ɗin aiki daban, na katin ɗan ƙasa daban? Wani ya sa Getso ko Garo a ƙarshen sunansa a wuri ɗaya, a wani wurin ya sa sunan mahaifi. Wata ta ɗauki sunan miji bayan aure. Gyaran irin wannan yakan ci makonni, kuma sai an gama shi ake shiga layin fasfo. Daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 70 ce. Kowane zuwa da kuɗin motarsa, da ranar da ɗalibai za su wuni babu malami.

Iyaye masu 'ya'ya a jami'a su ma abin ya shafe su. A 2023 gwamnatin jiharmu ta farfaɗo da tura ɗalibai karatun digiri na biyu a ƙasashen waje. Irin wannan dama idan ta zo ba ta ba da dogon lokaci, mai takarda a hannu shi ke wucewa. Rashin lafiya ma ba ta yin sallama.

Ga abin da muke roƙo. Yau idan an koma gida, a ciro fasfo, na maigida da na uwargida da na yara, a duba ranar ƙarewa, a rubuta ta a bangon littafin shirya darasi. Idan abin da ya rage bai kai shekara ɗaya ba kuma akwai niyyar tafiya, a soma shirin sabuntawa. A duba ko damina ko gara sun taɓa shi, domin fasfon da ya lalace daidai yake da wanda ya mutu. Wanda nasa ya ɓata sai ya samo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu. A cike takarda a biya kuɗi ta shafin hukuma na intanet, a ajiye rasit, a guji dillalan bakin ƙofa. A haɗa da katin rigakafin shawara, masu zuwa Hajji kuma da allurar sanƙarau. A nemi izinin tafiya a rubuce daga ofishin ilimi, domin kada a dawo a tarar da takardar tuhuma.

Mu a kwamiti mun ɗauki alkawarin zama da duk wanda yake son a taya shi lissafin wa'adi ko cike takarda, ba tare da ko sisin kwabo ba. Kullum muna gaya wa ɗalibanmu cewa ba a fara karatu ranar jarrabawa. Hausawa kuma sun riga mu faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya. Dattijon da muka ba ku labarinsa yana nan tare da mu, sabon fasfonsa na shekara goma ne, kuma shi ya ce mu faɗa muku.

Allah Ya kai masu niyya, Ya dawo mana da su lafiya.